Wa Ya Biya Kuɗin Tsallen?

Ƴan uwa ɗalibai, ina so mu tsaya kan wani abu da kusan kowa cikinmu ya gani a bidiyo-kulob ko cikin salula, amma ba kasafai muke auna shi ba. Akta ya ruga, ƴan bindiga na bayansa, ya taka bango ya haye, ya tsallake daga rufin wani bene zuwa wani, ya dira ya mirgina ya tashi ya ci gaba kamar ba abin da ya faru. Yara su ɗau ihu, manya su ce kai, wanga ba mutum ba ne. Sunan abin parkur. Tun wajen 2004 ya zama gishirin finafinan faɗa, musamman waɗanda masu su ba su da kuɗin fasa motoci da tada gobara. Masu shirya irin waɗannan finafinai suna ɗaukar parkur a matsayin kayan araha. Ni kuwa ina ganin bai da araha ko kaɗan. Akwai wanda ya biya, kuma da yawa cikin finafinan nan aikinsu shi ne su ɓoye mana shi.

Bari mu fara da inda abin ya fito, don ba a Amurka aka haife shi ba kamar yadda wasu ke zato a fada. A Faransa ne, cikin garuruwan Lisses da Évry da ke kudu da Paris, wajen ƙarshen shekarun 1980. Wani saurayi David Belle, haifaffen 1973, shi da abokansa suka mai da benayen kartiyensu filin horo. Mahaifinsa Raymond Belle, wanda aka haifa a Biyetnam lokacin mulkin Faransa, ɗan kwana-kwana ne a Paris, wato pompiye, kuma ya sha horon soja irin na tsallake shingaye da hawan igiya. Shi wannan horo ya samo tushe daga koyarwar wani hafsan sojan ruwa, Georges Hébert, wanda ya ce ƙarfin jiki bai da daraja sai in zai amfani wani. Abin dariya ma, Hébert ya ce a wajen mutanen da ya gani a tafiye-tafiyensa, har da na Afirka, ya ga jikin da ya burge shi, mutanen da ba su taɓa shiga ɗakin motsa jiki ba. To ka ji. Manufar parkur ta asali ke nan: ka tashi daga nan ka isa can ta hanya mafi sauri, da jikinka kaɗai, don ka tsira ko ka ceci wani. Samarin suka sa wa ƙungiyarsu suna Yamakasi, kalmar da suka ɗauko daga Lingala ta Kwango, mai nufin ƙarfin jiki da na zuciya.

Me ya sa masu ƙaramin jari suka rungume shi? Lissafi ne kawai. In kana son tseren motoci a fim, sai ka sayi motocin da za ka farfasa, ka nemi izinin rufe titi, ka biya ƴan sanda, ka biya inshora, ka ɗauki direbobi na musamman. In kuwa gudun ƙafa ne, abin da kake buƙata tsohon gini, takalmi mai kama ƙasa, da saurayi ɗaya wanda ya iya. Ga shi kuma ido na son abin. Mota ta tashi sama, ka san ƙarfe ne. Mutum ya tashi sama, cikinka ne ke ɗaurewa, don kai ma kana da gwiwa kana da idon sawu, ka san abin da ƙasa ke yi musu. Sai dai shi saurayin nan da ya iya, ba ranar ɗaukar fim ya iya ba. Shekara goma ko fiye ya yi yana maimaita tsalle guda daga kan ɗan dakali, yana koyon yadda ake dira kan gaban tafin ƙafa, yadda ake mirginawa daga kafaɗa zuwa kwankwaso don nauyin faɗuwa ya bazu kada ya taru a gwiwa. Kuɗin da mai fim bai kashe kan motoci ba, wannan yaron ya riga ya biya su da jikinsa tun kafin a san za a yi fim.

Fim ɗin da ya fi kowane girmama wannan biya, a ganina, shi ne Banlieue 13 na 2004. Luc Besson ne ya ɗauki nauyinsa kuma yana cikin marubutansa, Pierre Morel ya ba da umarni, kuma shi ne fim ɗinsa na farko bayan shekarun da ya yi yana riƙe da kamara. An kashe kimanin yuro miliyan 12, wato kusan sefa miliyar 8. Na san wani zai ce, wannan ne ƙaramin jari? A wajenmu dai dukiya ce. Amma ka ajiye shi kusa da Casino Royale na James Bond, wanda ya ci wajen dalar Amurka miliyan 150 bayan shekara biyu, sai ka ga ɗan tebur ne a gaban babban kanti. Ba wani shahararren tauraro a cikinsa. David Belle da kansa ne akta, a matsayin Leïto, tare da Cyril Raffaelli, wanda shi ma asalinsa mai yi wa taurari wasannin haɗari ne.

Ku sake kallon gudun farkon fim ɗin, amma wannan karon ku bar bin labari, ku bi kamara. Leïto ya ƙwace hodar shef bandi Taha yana lalata ta cikin bahon wanka, yaran Taha ƙarƙashin wani ƙato K2 suka hau bene nemansa. Daga nan sai gudu. Abu na farko da za ku lura, ba riga a jikinsa. Wannan ba don ƴan mata ba ne kawai. Mutumin da ba riga jikinsa, fuskarsa a buɗe, ba yadda za a yi a musanya shi da wani a tsakiyar tsalle, kuma da wuya a ɓoye masa igiya. Abu na biyu, in zai yi babban tsalle ana nuna mana inda ya taka, ana nuna ramin da ke tsakani, ana nuna inda ya dira. Akwai yanka a wurin, ba na ce babu ba, har da rage gudun hoto. Amma ba a yanka don a rufe mana ido a daidai lokacin da jiki ke tsakanin sama da ƙasa. Abu na uku shi ya fi burge ni: kowane motsi amsa ce ga wata matsala. An tare ƙofa, sai ya bi ta ƴar tagar da ke samanta, ƙafafu a gaba, kamar zare cikin allura. An tare matakala, sai ya bi ta waje. Su masu binsa suna da yawa suna da makamai, amma ginin bai san su ba, shi kuwa ya san kowane lungu nasa, don gidansu ne. Waɗanda suka gwada yin abin da ya yi, ƙasa ta karɓe su. Cikin ƴan mintoci, ba da dogon surutu ba, an gaya mana ko wane ne Leïto.

Mu ƴan Nijar bai kamata a koya mana wannan ba, don muna da ma'auninsa a gida. Ku tuna lokacin kokowar takobi, gari ya yi tsit kowa na gaban tele. A ce ƴan kokowa biyu sun sarƙe, ɗaya ya ɗaga ɗaya, sai mai kamara ya juya ya nuna mana makaɗi, sannan ya dawo ga mutum kwance a ƙasa. Wa zai yarda? Ai sai a yi ta gardama har shekara ta zagayo, ƴan jihar da aka kayar su ce maguɗi ne. Kaye sai an gan shi daga ɗagawa har taɓa ƙasa. Haka tsalle yake. In ba ka ga tashi da sauka cikin hoto guda ba, ba tsalle ka gani ba, labarin tsalle aka ba ka.

To yawancin finafinan araha da suka biyo baya, labarin tsalle suke sayarwa. Dabarar ba ta da wuya, kowa mai salula zai iya ta. Hoto na ɗaya: fuskar tauraro yana gudu yana haki. Hoto na biyu: kamara a ƙasa tana kallon sama, wani mutum ya gifta, bayansa kawai ake gani. Hoto na uku: ƙafafu biyu sun dira, kuma wallahi daga kan kujera aka diro. A haɗa ukun cikin daƙiƙa biyu, a sa ƙarar iska da bugun ganga, shi ke nan an yi tsallen bene. Katifu da kwalaye na nan jibge inda kamara ba ta kai ba, wannan kuwa ba laifi ba ne, rai ya fi fim. Laifin shi ne ɗaukar mai kallo wawa. Kun taɓa tambayar kanku me ya sa ƴan parkur na finafinan nan kusan duka suna sanye da riga mai hula, an ja hular har goshi, ko da rana ake? Ana cewa salon ƴan birni ne. Ni dai na ce hular nan maɓoya ce. Ƙarƙashinta ne ake cire mai kyan fuska a sa mai gwiwa, shi mai gwiwar kuma sunansa sai can ƙarshen fim cikin ƙananan rubutu, lokacin da mai kulob ya riga ya kashe tele yana korar yara.

Misalin da ya fi ba ni haushi shi ne Brick Mansions na 2014, don nan ba ma rashin gwani ba ne. Banlieue 13 ne aka sake da Ingilishi, aka mai da labarin birnin Detroit na Amurka, aka sa Paul Walker a gurbin ɗan sandan, kuma fim ɗin ya fito bayan rasuwarsa. David Belle ɗin dai shi ne ya dawo, yana da shekara 40 a duniya, kuma jikinsa bai gaza ba. Aka sake gudun farkon nan kusan taki bisa taki. Amma an daddatse shi kamar naman tsire, kamara na rawa, ana tsai da hoto ana saki. Kana da mutumin da ya ƙirƙiro abin a gabanka, yana yi da gaske, ka ɗauke shi yadda ake ɗaukar wanda bai iya ba. Kuɗi sun fi na farkon yawa, abin kallo ya ragu. Duk mai son ya gane aikin mai haɗa hoto, ya sa waɗannan gudu biyu ɗaya bayan ɗaya ya ƙirga yanka.

Freerunner na 2011 kuwa ba sai na daɗe kansa ba. An ɗaura wa samari bom a wuya, an ce su tsere cikin gari kafin lokaci ya cika, attajirai na caca a kansu. Akwai ƙwararru na gaske a cikin ƴan wasan, amma kamara ba ta natsu ta bar su sun nuna ba. Abin da fim ɗin ya yi ba da saninsa ba shi ne ya zana hoton kansa: masu kuɗi a zaune cikin sanyi, samari na karya ƙafa don nishaɗinsu.

Akwai kuma maganar alkafura. Mutum ana binsa da bindiga, ransa na hannun Allah, ya iso ɗan shingen da ko akuya za ta tsallake, sai ya tashi sama ya juya sau biyu kafin ya sauka. Don me? Wa yake burgewa, mai bindigar? Ita alkafura tana da gidanta, akwai reshen wasan da ake kira firiranin wanda Sébastien Foucan, abokin Belle na ƙuruciya, ya yaɗa a Ingila, inda ado da salo ke da daraja. Ba na raina ta. Amma cikin labarin gudun tsira, kowace alkafura tana gaya wa mai kallo cewa ba wani haɗari, wasa ake. Shi Foucan ɗin da kansa, da aka sa shi a farkon Casino Royale, bai tsaya ado ba, gudu ya yi na mai son rai, yana silalewa ta ƙaramar kafa, Bond kuma ya fasa bango da ƙirji ya biyo shi. Wurin ya yi kyau ƙwarai. Sai dai ku lura da rabon da aka yi: baƙar fata mai tabo a fuska, mai haɗa bom, a wani wuri da aka ce Madagaska ne, shi aka ba gwanintar, kuma ƙarshenta harsashi. Babban fim ya ari parkur na minti kaɗan ya ba mugu. Ƙaramin fim ne ya ba shi jarumi.

Wannan ya kawo ni ga tambayar da nake ganin ta fi ta kamara nauyi: me ake gudu? Labarin Banlieue 13 ba wani labari ne mai zurfi ba, kada in yaudare ku. Ƴar uwar Leïto, Lola, an mai da ita kayan ja-in-ja tsakanin maza, zancen bakin ƴan wasan kuma wani wurin kamar na wasan kwaikwayon lakwal. Amma ƙashin bayansa na da ƙarfi. An ce a 2010 hukuma ta kewaye unguwar talakawa da katanga, ta rufe lakwal da ofishin ƴan sanda, daga ƙarshe ta shirya tashin unguwar da bom ta huta. A irin wannan wuri, iya tsallake katanga ba wasa ba ne. Fim ɗin ya fito a Nuwamba 2004. Ranar 27 ga Oktoba 2005, a Clichy-sous-Bois, wasu yara suna gudun ƴan sanda suka haura katangar wata tashar lantarki don su ɓuya. Biyu suka mutu, Zyed Benna mai shekara 17 da Bouna Traoré mai shekara 15. Unguwannin bayan garin Faransa suka kama da wuta har sati uku. Ba ina cewa fim ya yi duba ba ne. Ina cewa gudun da ke cikinsa ya fito daga wurin da yara ke gudu da gaske, shi ya sa yake da nauyi. In aka cire wurin, aka cire dalilin, aka bar tsalle kawai, abin da ya rage bai wuce tallar takalmi ba.

Sai ɓoyon da ya fi shafar mu kai tsaye, wato ɓoye wahalar koyo. A Tracers na 2015, Taylor Lautner ɗan aike ne da keke a New York, bashi ya yi masa katutu, ya ga wata yarinya mai parkur, ya bi ta. Gaskiya ɗaukar gudun fim ɗin ta fi ta da yawa tsabta, ana ganin jiki ana ganin wuri. Amma dubi yadda ya koya: kiɗa ya tashi, ya faɗi sau uku ko huɗu, kiɗa ya ƙare, ya zama gwani. Abin da ya ci wa su Belle ƙuruciyarsu duka, shi ya gama da shi kafin shayi ya tafasa. Ƙanenka ɗan shekara 12 da ke zaune gaban benci bai san ƙarya ake ba. Abin mamaki, tsohon fim ɗin Yamakasi na 2001 ya san da wannan matsala, har a kanta ya gina labarinsa: wani yaro Djamel mai ciwon zuciya ya kwaikwayi samarin, ya hau itace ya faɗo, su kuma suka shiga satar gidajen manyan likitoci don a samu kuɗin yi masa dashen zuciya. Fim ɗin na yara ne, wani wurin ma shirme, amma aƙalla ya yarda cewa akwai mai kallo, kuma mai kallon na da ƙashi.

Yanzu da yawa cikinmu muna ɗaukar gajerun finafinai da salula lokacin hutu, kuma na ga yadda tsallen katanga ya fara shigowa. Ba yau ƴan Nijar suka fara aron rigar fim ɗin waje ba. Tun 1966 Moustapha Alassane ya yi Le Retour d'un aventurier, inda wani ya dawo daga tafiya da akwatin kayan kaboyi ya raba wa abokansa, suka hau dawaki suka addabi ƙauye. Shi Alassane bai ɓoye cewa rigar aro ce ba, a kan aron ma ya yi fim ɗin. Mu fa? Parkur ɗan siminti ne. An haife shi inda bango ke ɗaukar nauyin mutum, inda rufin bene fili ne na kowa da kowa. Katangar laka bayan damina, ka kama bakinta ta biyo ka. Rufin kwano, ka taka ka leƙa tukunyar mutane ta sama. Kuma a Évry mai gudu kan rufi ɗan wasa ne, a Maradi ko Tahoua wanda aka gani kan katangar gidan mutane, tsakar gida a buɗe mata na aiki, sunansa ɓarawo, kafin ya ce fim muke yi an tara masa jama'a. Jarumin da zai haura gidan maƙwabci a labarinmu, ya riga ya zubar da mutuncinsa a idon mai kallo, ko da tsallen ya yi kyau.

Amma ba a ce ba mu da wurin gudu ba. Wanda ya san Birni a Damagaram ya san lungunan da mutum biyu ba sa jerawa, da duwatsun da suka tsaya tsakiyar unguwa kamar giwaye, waɗanda yaran wurin ke hawa ba takalmi tun suna ƙanana. Akwai kasuwa ranar cinta, da amalanke da buhunan albasa da ƴan kabu-kabu da igiyoyin rumfa. Fim ɗin Ong-Bak na ƙasar Tailan, na 2003, gudunsa mafi daɗi cikin lungunan kasuwa aka yi shi, Tony Jaa na tsallake tebura da kaskon mai yana kutsawa ta ƙananan kafofi, ba bene ko ɗaya. Yaron da ya tashi a Birni, a sa baƙi uku su bi shi, a ajiye salula nesa kaɗan inda za ta ɗauke shi daga kai har ƙafa, a bar ta tana ɗauka har ya ɓace a kwana. Ba sai ya yi tsallen da ya wuce mita ɗaya ba. In kuma wani ne ya yi masa tsallen, a rubuta sunan wannan ɗin a farkon fim da manyan baƙaƙe, kusa da na akta.